Me ya sa ake "shan" hantsi?

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Kudu ko Gwaram cikin Disamba ko Janairu ya san wannan hoton: gari ya waye da hazo, ƙafa ta yi kaushi, dattawa sun fito sun jingina da bangon da ke kallon gabas, yara kuma sun haye kan fa. In ka tambaya me ake yi, amsa ɗaya ce: "Muna shan hantsi."

To, ana zuba hantsi a ƙwarya ne da za a ce an sha shi?

Kalmar "sha" tsohuwa ce ƙwarai, ba aro ba ce daga Larabci ko Turanci. A harsunan Cadi, dangin Hausa, irin su Bolanci da Ngizim na yankin Fika da Potiskum, "sa" ake cewa in za a sha ruwa. Da makamanciyar wannan sigar ce masani Paul Newman ya sake gina kalmar a uwar harsunan, cikin aikinsa na 1977. Ke nan tushenta ruwa ne da maƙogwaro. Daga baya Bahaushe ya faɗaɗa ta, har ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya jero mata ma'anoni birjik.

A 2009, Malami Buba da Philip Jaggar sun kwatanta "ci" da "sha", kuma abin da suka gano ya gamsar da ni. Mai "ci" shi ke da rinjaye: ya ci yaƙi, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa. Mai "sha" kuwa abu ne ke ratsa shi, ko da daɗi ko babu: ya sha iska, ya sha inuwa, ya sha duka, ya sha wahala. Hantsi ba a farautarsa. Zama kawai za ka yi ya shige ka a hankali, kamar kunu mai ɗumi. Shi ya sa ma ake masa kirari da leƙa gidan kowa, don ba ya tambayar mai gida nawa ya tara.

Amma a lura, 'yan sa'o'i ne tsakanin daɗi da azaba. Wanda ya sha hantsi hutawa ya yi. Wanda ya sha rana, manomi ne ko matafiyi da ya galabaita. Rana ɗaya ce, aikatau ɗaya ne, lokaci ne kawai ya raba su.

Da daddare kuma magana ta canza. In aka hura kara aka kewaye wuta, an fi cewa "jin ɗumi". Na sha jin matasa suna gardama a kan wanne ne daidai, sha ko ji. A kunnena dai, wuta kana miƙa mata tafin hannu, kana janyewa in ta yi yawa, don haka ji kake yi. Hantsi kuwa duk jiki ake sakar masa.

Duwatsun Birnin Kudu, su Habude da Mesa, masu zanen shanun nan da suka ja hankalin masana a shekarun 1950, har yau suna riƙe ɗumin rana bayan ta faɗi. Ƙadangare ya fi kowa sanin haka. Tun kafin yaran su fito, ya riga ya kama wuri.