Asalin Katin Hoton 'Yan Wasa

Yaro a Gwandu ko Kalgo in ya ɓare cingam ya tarar da hoton ɗan ƙwallo, ba ruwansa da inda abin ya fito. Lissafinsa ɗaya ne: Messi guda, sai an ba shi 'yan baya uku. Mu a zamaninmu kwalin sigari muke tsinta in kasuwa ta watse, mu buɗe shi, mu danne da dutse ya miƙe, mu ce kuɗi ne. Ashe ba mu yi nisa da tushen abin ba.

Daga taba ya samo asali. A wajejen 1880, a Amurka, cikin takarda mai laushi ake ƙunshe sigari, sai ya kakkarye a aljihu. Masu kamfani suka riƙa cusa ɗan kwali ya tokare shi. Da suka ga kwalin yana zaman banza, sai suka shiga buga masa hotuna: 'yan wasa, tsuntsaye, tutocin ƙasashe. Uba ya sha tabarsa, 'ya'ya su yi wawar kati. Wanda ya sami biyu iri ɗaya ya nemi mai musaya, ciniki ya kafu ke nan. Daga baya masu cingam suka karɓi sana'ar. A 1961 kuma 'yan gidan Panini na garin Modena a Italiya suka fara sayar da hotunan 'yan ƙwallo, suka kama gasar cin kofin duniya tun daga ta 1970.

To, ina tsadar wasu katunan ta fito? A 1909 kamfanin American Tobacco ya buga hoton Honus Wagner, gwanin ƙwallon sanda, wato baseball. Mutumin ya ce bai yarda ba. Wasu suka ce ba ya son yara su sayi taba dominsa, wasu suka ce kuɗin ne bai yi masa ba. Aka dakatar da bugu, 'yan kaɗan suka fita. A 2022 an sayi guda a kan dala miliyan 7.25. A 2022 ɗin dai katin Mickey Mantle na 1952, shi ma gwanin wasan, ya kai dala miliyan 12.6. Su masu saye har kusurwar kati suke dubawa, lanƙwasa ɗaya ta isa ta karya farashi.

Namu kwalin kuwa, wanda gara ta bari, iyayenmu mata sun hura wuta da shi.