Daga Jangali Zuwa Igiyar Kan Hanya: Wa Ke Da Hurumin Karɓar Kuɗinmu?

Yau daga gida Sharabi nake magana, a ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakar Benin.

Kakana har ya rasu yana ajiye da takardun harajinsa cikin wani gwangwani. A zamaninsu, in ji shi, wanda ba shi da wannan takarda ba ya shiga kasuwa da natsuwa. Tsarin ya kafu ne bayan dokar haraji ta Lugga ta 1906: mai unguwa ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kuɗi su shiga baitulmalin En'e, Turawa su ɗebi kasonsu. Makiyaya kuma jangali, kowace saniya da kuɗinta. Ya ce da lokacin ƙirga ya gabato, sai ka wayi gari garke ya tsallaka Dahomey, wato Benin ta yanzu.

Akwai zalunci a ciki, shi ya sa NEPU ta yi ta yaƙarsa, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Amma fa mu faɗi gaskiya, kakana ya san nawa ake bin sa, ya san hannun da ya karɓa.

Mu fa? An ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991, kuma a 1998 gwamnatin Abdulsalami ta yi dokar da ta raba wa kowa nasa. Jiha ke da harajin albashi, da na 'yan kasuwa masu zaman kansu, da rajistar ababen hawa, ta hannun hukumar tara kuɗin shiga. Ƙaramar hukuma ke da kuɗin rumfa, mayanka, tasha da na shanu. Kuɗin fito a bakin iyaka kuwa na kwastan ne, na tarayya. Dokar ta kuma hana kowa tare hanya don karɓar haraji.

To, ran kasuwar da ta wuce na rako ƙanena da buhun shinkafa uku a kan babur. Sau biyu aka ja mana igiya. Na tambayi na farko kuɗin na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, ya ce "na gwamnati ne". Na ce ya ba ni rasit. Sai ya sauke igiyar, ya ce mu wuce.