Rabin Awar da Kaduna Ta Bari a 1919

Shekarar da na fara aiki, na rubuta wa wani ƙaramin asibiti a nan Kaduna manhajar rajistar haihuwa. Wata safiya ungozoma ta kira ni a waya ta ce, "Malam, yarinyar da aka haifa jiya da dare Altine ce, ga na'urarka ta mai da ita Ladi." An haife ta ƙarfe 12:20 na dare, Litinin ta riga ta shiga, amma takarda ta fito da Lahadi. Da an bi takardar nan, da ranar haihuwarta ta zauna a kan kuskure har tsufanta.

Laifina ne. Kwamfuta daƙiƙoƙi take ƙirgawa, tun daga sha biyun daren da ya shigo da 1 ga Janairu 1970 bisa agogon GMT. Mai rubuta manhaja ne zai ƙara awa ɗaya, wato daƙiƙa 3,600, kafin lissafin ya zama lokacin Najeriya. Ni kuwa na manta, sai 12:20 ta koma 11:20 na daren jiya. Bayan na gyara, tambaya ta tsaya mini a rai: wa ya ba mu wannan awa ɗayan, kuma yaushe?

Kakanninmu da rana suke auna lokaci: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba. Kowane gari da tsakar ranarsa, domin duk digiri ɗaya da ka matsa gabas, rana na riga ka da minti huɗu. A 1884 aka yi taro a Washington aka ɗauki layin Greenwich da ke Ingila a matsayin mafarin awo. Legas tana gaban layin da minti 13 da daƙiƙa 35, kuma da haka agogonta yake tafiya. A 1905 ta koma GMT, a 1908 ta dawo kan nata.

Sai ga jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911. Jirgi kuwa ba ya tafiya da agogon kowane gari. Ranar 1 ga Janairu 1914, ranar da Lugard ya haɗe Arewa da Kudu, aka sa ƙasar duka a kan GMT da ƙarin minti 30. Wannan lokacin rana ne na digiri bakwai da rabi, layin da ya ratsa dab da Kaduna. Saboda haka da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, agogon ofis da inuwar mutum bakinsu ɗaya a garin nan.

Abin bai daɗe ba. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da ƙarin awa ɗaya cur, lokacin digiri 15, layin da bai ma taɓa Najeriya ba, ta wajen Injamena ya wuce. Tun daga ranar agogonmu ke gaban ranarmu da kusan rabin awa. Ladanin Masallacin Sultan Bello shaida ne: rana ba ta raba tsakiya a Kaduna sai wajen 12:30, da ɗan gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara.

Duk wannan tarihi yana cikin wayar da ke hannunka, a kundin lokutan ƙasashe da ake kira tz, ƙarƙashin sunan Legas. Wanda ya ƙara awa ɗaya da ka a kan kwanan watan 1917 ya yi kuskuren minti 30. Yanzu ni kundin nake tambaya. Yarinyar kuwa, a ranar ungozoma ta karɓi sabuwar takardarta, da Litinin a kai.