Motsa Jiki Mai Tsawo da Tasirinsa a Kan Tsokar Jiki

Motsa jiki mai tsawo shi ne duk aikin da tsoka ke yi na dogon lokaci ba tare da yankewa ba, kamar doguwar tafiya a ƙasa, gudu, tuƙa keke, ko yini ana noma da fartanya. Bincike ya tabbatar da cewa a irin wannan aiki tsoka tana fitar da sinadarai waɗanda ke kai saƙo ga sauran sassan jiki.

Saƙonnin kumburi

A shekarar 2000, masu bincike a Kofanhagan ta ƙasar Denmark, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bente Klarlund Pedersen, sun nuna cewa tsoka mai aiki tana sakin wani furotin da ake kira IL-6 zuwa cikin jini. Bayan gudun fanfalaki na kilomita 42, yawansa kan iya ninkawa har sau 100, kuma yakan ƙaru idan sukarin da ke ajiye a tsoka ya yi ƙasa. Yana sa hanta ta saki sukari, kitse kuma ya narke don samar da ƙarfi. Yana kuma tayar da IL-10 da IL-1ra, waɗanda ke kwantar da kumburi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa motsa jiki a kai a kai yake rage kumburin ɓoye da ke tare da ciwon sukari da ciwon zuciya.

Furotin masu kare tsoka

A shekarar 1962, Ferruccio Ritossa na ƙasar Italiya ya gano yadda ƙwayoyin halittar wani ƙaramin ƙuda ke mayar da martani ga zafi. Daga nan ne aka san furotin na kariya irin su HSP70. Zafi da gajiya suna sa tsoka ta ƙara samar da su, su kuwa sukan gyara furotin da suka lalace. Tsokar da ta saba da aiki ta fi jure wahala.

Shawara ga jama'a

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da su yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Ciwon jiki da kan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba, yakan wuce da kansa. Amma idan fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, tare da kumburi da raunin tsoka, a garzaya asibiti, domin ƙoda na cikin haɗari. Ana kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su wayar da kan manoma da masu wasanni kan fara aiki sannu a hankali, da shan ruwa isasshe, musamman a lokacin bazara.