Kolrabi: Ɗan'uwan Kabejin da Ya Kumbura a Kara

In ka ga kolrabi a kasuwar Jamus, za ka rantse saiwa ce aka tono. Dunƙule ne kamar lemo, kore-kore ko ruwan hoda mai duhu, ganye na fitowa ta jikinsa. To, ba a cikin ƙasa yake girma ba. Kara ne ya kumbura a saman ƙasa. Kuma shi da kabejin da kake yankawa a kwaɗo jinsinsu ɗaya, wanda masana ke kira Brassica oleracea.

Kabejin daji har yau yana fitowa a duwatsun bakin teku a Ingila da Faransa da Sifaniya, ganye ne kawai, ba ya naɗe kai. Manoma ne suka sauya shi ta hanyar zaɓen iri. Wanda ya fi son ganye mai naɗewa ya riƙa ajiye irin shukar da ta fi naɗewa, a haka aka samu kabeji. Masu son fure suka samar da farin kabeji da burokoli. Wasu kuma kara mai kauri suka bi, shekara bayan shekara, har kolrabi ya fito.

A rubuce, an fara ganin bayaninsa a 1554, a littafin Pietro Andrea Mattioli, masanin tsirrai ɗan Italiya, wanda ya ambace shi a matsayin baƙon da bai daɗe da shigowa ƙasarsu ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ana noma shi a Jamus da Ingila da Sifaniya. Sunan ma daga Jamusanci yake: Kohl na nufin kabeji, Rübe kuma wata saiwa ce mai dunƙule. Daga baya ya isa Asiya, inda mutanen Kashmir ke dafa shi da ganyensa su ci da shinkafa.

Nomansa ba wuya in akwai sanyi da ruwa. Cikin wata biyu ya isa cira. Ka fere shi ka ci ɗanye, ko ka jefa a miya. In ka bari ya tsufa, sai ya yi tauri kamar itace.

To ina irin yake? Ai ba ka taɓa ganin ƙwaya a cikin kabeji ba. Dalili shi ne shukar shekara biyu ce. A ta farko abinci take tarawa, mu kuwa a nan muke cinye ta. Sai ta sha makonni na sanyin hunturu sannan ta fitar da dogon kara mai furanni rawaya. Ƙudan zuma su kai garin fure daga wata shuka zuwa wata, kwanso ya fito, ƙananan ƙwayoyi su nuna a ciki. In akwai kabeji mai fure kusa, ƙudan zuman za su gauraya su, irin ya ɓaci.

Wannan ya shafe ka. Sanyin ƙasar Hausa bai cika kai wanda shukar ke bukata ta yi fure ba, shi ya sa masu noman kabeji a Jos da fadamun Kano galibi irin gwangwani ko na leda suke saye, wanda aka shigo da shi daga waje. Gero da dawa manomi kan ware zangarniya mai kyau ya ajiye. Na kabeji kuwa, duk shekara sai ya sa hannu a aljihu.