Zakaran da Bai Ga Faɗuwarsa Ba: Nazari a kan Gajeren Zamanin Salvador Sanchez

Gabatarwa

A ƙauyukan arewacin Kano, wajen Bichi da Ɗambatta da kewayensu, inda gona take manne da gona, dambe wasan kaka ne. Idan an kawar da gero da dawa, sai mahauta da sauran samari masu ji da ƙarfi su naɗe hannu, makaɗa su ɗauki kalangu, a buɗe fage. A harshen wannan fage, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa cewa ake yi ya kashe shi, amma kisa ne wanda ake tashi daga gare shi a karkaɗe ƙura. Idan kuwa ajali na gaskiya ya ɗauke ɗan dambe yana tsakiyar tashe, sai a bar masoyansa da tambaya guda: da ya yi tsawon rai, ina zai kai?

A damben gargajiya, sunan zakara a bakin mawaƙi yake zama, kamar yadda sunan Shago ya zauna a bakin Ɗan Anace, aikin mawaƙi kuwa kambamawa ne. Damben zamani yana da rubutaccen lissafin kowace karawa, saboda haka a cikinsa ana iya ɗora wannan tambaya a kan sikeli. Manufar wannan maƙala ita ce yin hakan da misalin Salvador Sanchez, mutumin ƙasar Meziko, wanda tarihinsa ya ratso Afirka ta Yamma.

Tashensa da Rasuwarsa

An haifi Sanchez a shekarar 1959, ya kuma shiga damben neman kuɗi a 1975 yana ɗan shekara 16. Ajinsa shi ne na masu nauyin da bai wuce kilo 57 ba, watau ajin da Hogan Bassey na Nijeriya ya riƙe kambunsa na duniya daga 1957 zuwa 1959. A watan Fabrairu na 1980 ya karɓe kambun hukumar WBC daga hannun Danny Lopez a turmi na 13, sannan ya kare shi sau tara. A cikin waɗanda ya buge akwai Juan LaPorte a 1980, da Wilfredo Gomez a watan Agusta na 1981, wanda kafin ranar ba a taɓa cin galaba a kansa ba.

Karawarsa ta ƙarshe ita ce ta ranar 21 ga Yuli, 1982, a birnin New York, da wani saurayi ɗan ƙasar Gana mai suna Azumah Nelson, wanda aka ɗauko a ƙurarren lokaci, kuma wasanni 13 kacal ya taɓa yi a damben neman kuɗi. An zaci abin ba zai daɗe ba, amma Nelson ya yi turjiya har turmi na 15 kafin alƙalin wasa ya tsayar da karawar. Bayan mako uku, ranar 12 ga Agusta, Sanchez ya rasu a haɗarin mota kusa da garin Queretaro, yana da shekara 23. A wasanni 46 da ya yi, ya ci 44, an yi canjaras a ɗaya, an cinye shi a ɗaya.

Hujjojin Masu Ganin Zai Ƙara Ɗaukaka

Hujja mafi ƙarfi tana cikin tarihin kambun da ya bari. LaPorte ne ya ɗauke shi a watan Satumba na 1982, Gomez ya karɓe daga hannunsa a watan Maris na 1984, Nelson kuma ya kwantar da Gomez a watan Disamba na wannan shekara. Ke nan mutum uku da suka gāje shi a jere duk sun sha kāshi a hannunsa. Daɗin daɗawa, Nelson ya hau aji na gaba ya ci kambu a 1988, bai kuma rabu da kambun duniya rabuwa ta ƙarshe ba sai a 1997. Idan wanda aka buge ya kai haka, in ji masu wannan ra'ayi, ina ga wanda ya buge shi, alhali ma Nelson ya girme shi da 'yan watanni? A bisa wannan lissafi, ana iya kyautata zaton cewa Sanchez zai ci gaba da riƙon kambunsa har wajen 1984.

Hujjojin da Suke Rage Wannan Zato

Na farko, Nelson ɗin da Sanchez ya buge ɗanye ne, amma duk da haka sai da ya jigata shi. Wanda ya kwantar da Gomez a 1984 ya riga ya nuna, kuma ba a gwada Sanchez da wannan ba.

Na biyu, ƙarfin Sanchez a dogon numfashi yake. Lopez a turmi na 13 da na 14 ya gama da shi a karawarsu biyu, Nelson kuwa a na 15. To, bayan rasuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a watan Nuwamba na 1982, hukumar WBC ta rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. Wannan doka da ta ƙwace masa ainihin turamen da yake yin kisa a cikinsu, ta mai da wasanninsa masu tsanani hannun alƙalan maki.

Na uku, akwai zaratan da bai gamu da su ba. Eusebio Pedroza na Panama ya riƙe ɗaya kambun na wannan aji, na hukumar WBA, daga 1978 zuwa 1985. Da Sanchez ya ƙara nauyi ya hau aji na gaba, da ya tarar da ɗan ƙasarsu Julio Cesar Chavez, wanda ya ci kambu a 1984 yana ɗan shekara 22.

Na huɗu, wanda ya fara da wuri yakan gaji da wuri. Wilfred Benitez ya zama zakaran duniya a 1976 yana ɗan shekara 17, amma tun daga 1983 ya soma sauka, ya ƙare da ciwon ƙwaƙwalwa sakamakon dukan da ya sha. Sanchez ma shekara bakwai ya yi yana karɓar naushi kafin ya cika 23.

Kammalawa

Abin da waɗannan hujjoji suke nunawa shi ne, da Sanchez ya rayu, mai yiwuwa ne ya ƙara kambu, amma da wuya ya tsira daga faɗuwa, domin Gomez da Pedroza da Nelson da Chavez duk sai da aka ga ranar da aka cinye su. Mutuwar ƙuruciya ta hana shi shekarun ƙarin suna, ta kuma hana jama'a ganin tsufansa a fage, shi ya sa siffarsa ta tsaya a zukata ba tare da tabo ba.

Wannan darasi ya shafi mai nazarin damben Hausa. Idan dattawan wani gari suka ce da wane ya rayu babu mai ja da shi, bai kamata a tsaya a kan kirari kaɗai ba. Ya kyautu a tambayi sunayen waɗanda ya kashe, da matsayinsu a ranar da ya kashe su, da inda suka kai bayansa, da kuma waɗanda bai taɓa sa zare da su ba. Tun da masu wannan sani tsofaffi ne, kuma kowace shekara raguwa suke yi, tattara shi a rubuce aiki ne da bai kamata a jinkirta ba.