Daga Azara Zuwa Kwano: Yadda Sabon Rufi Ya Sa Bango Ƙara Tsawo

Da zarar hunturu ya kankama, a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina akan ga gini tsaye babu rufi: wani zaure ne, wani shago, wani kuwa gareji ne da aka fitar daga jikin tsohon gida. An sauke azara an jingine a gefe, magini yana kan tsani yana ɗora sabbin layukan bulo, kwano na jiran kafinta a ƙasa. Mai gida yakan shiga aikin da niyyar sauya rufi kawai, sai ya tarar dole ya ƙara wa bango tsawo. Dalilin haka yana cikin tarihin rufi iri biyu, waɗanda manyan gwanayensu suka yi zamani ɗaya, ɗaya a Zariya, ɗaya a Landan.

A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, aka fara ginin Masallacin Juma'a na Zariya a hannun Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Aikinsa shi ne ƙololuwar fasahar rufin soro. Ginshiƙin wannan fasaha azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magina suka ƙware wajen jera ta hawa-hawa daga kusurwa da kuma ɗaure bakan gizo, har su rufe faffaɗan ɗaki. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso ko makuba, a kafa indararo domin fitar da ruwa. Irin wannan rufi yana da nauyi ƙwarai, don haka bangon tubali yakan yi kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama.

A Landan kuma, a 1829, injiniya Henry Robinson Palmer, wanda ke aiki da kamfanin tashar jiragen ruwa ta birnin, ya yi rajistar wata dabara: idan aka lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari, yakan yi ƙarfin da zai rufe fili mai faɗi ba tare da katako mai yawa ba. Rumbunan ajiyar kaya na tashar aka fara rufewa da shi. Matsalarsa tsatsa ce, har sai da Bafaranshe Stanislas Sorel ya fito da hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakken zinki a cikin shekarun 1830 ɗin. Daga nan kwano ya bazu. An yi ta loda gidajen kwano a jiragen ruwa zuwa wuraren haƙar zinariya na Kalifoniya da Ostireliya, kuma a 1851 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya sayi zauren rawa na kwano domin gidan sarauta na Balmoral.

Kafin kwano ya isa ƙasar Hausa da yawa, sai da aka sami abin da zai ɗauko shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuma jirgin da ya tafi kudu da buhuna yakan dawo da kayan kanti, har da kwano. Tashoshin jirgi da kantunan kamfanonin Turawa da gidajen Sabon Gari su ne suka fara sanya shi. Cikin birni ya daɗe yana riƙe da soro, kuma da attajirai suka fara sauyawa, da yawa sukan ɓoye kwanon a bayan rawanin gini domin fuskar gida ta ci gaba da zama ta gargajiya. Guguwar sauyi ta taso ne da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa kuɗi a hannun ma'aikata, a 1975 kuma gwamnati ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas. A wannan zamani ne mota ta yawaita, aka riƙa fasa bangon waje ana fitar da gareji, bulo da kwano suka zama shaidar cewa mutum ya samu.

Abin da ya ja mutane ga kwano a fili yake. Soro yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, kuma idan aka yi sakaci damina ta jiƙa shi, yana iya ruftawa kan masu barci. Kwano ya sauke wa mai gida wannan fargaba, amma ya zo da sharuɗɗa uku, dukansu a kan bango suke sauka. Na farko gangare: soro kusan a shimfiɗe yake, kwano kuwa sai an karkata shi ruwa ya zube, don haka sau da yawa wani ɓangaren bango yakan fi wani tsawo. Na biyu zafi: ƙasa mai kauri takan shanye zafin rana ta sake shi a hankali da dare, fallen da bai kai kaurin milimita ɗaya ba kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya watso shi ƙasa, sai an ɗaga shi an sa silin kafin ɗaki ya zaunu a watan Afrilu. Na uku iska: soro nauyinsa ke riƙe shi, kwano kuwa sai an ɗaure katakonsa da linta, in ba haka ba hadarin farkon damina ya yaye shi.

Abu ɗaya da kwano bai sauya ba shi ne lokacin aiki. Tun zamanin tubali, bayan girbi ake gini: sama ba ta zubar da ruwa, manomi ya sami sarari, amfanin gona ya zama kuɗi. Amma busasshiyar iskar da ke taimakon tubali ita ce ke cutar da siminti, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 ake lissafa cikakken ƙarfinsa. Lintar da aka zuba da hunturu aka bar ta babu ban-ruwa safe da yamma takan tsattsage tun kafin a ɗora mata katako. Haka nan ɗora bulo a kan tsohon bangon ƙasa yana bukatar a duba gindinsa tukuna, musamman inda zaizayar ruwa ta ci shi.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Bangon da aka gina domin azara an auna kaurinsa da tsawonsa ne da nauyin ƙasa da sanyinta, kuma duk wanda ya ɗora masa kwano ya bar shi yadda yake, zai biya bashin da zufa a bazara ko da yayayyen rufi a farkon damina. Maginan da suka san yadda ake jera azara da ɗaure bakan gizo kuma suna ƙaranci, ga shi zafin birane yana sa masu zanen gidaje sake tambayar yadda soro yake sanyaya ɗaki ba tare da lantarki ba.